Rigar Madubin Hangen Taurari

A sashenmu na kimiyya, inda nake aikin akawu, babu wanda ya kai Baba Mai Shara tsabta. Tela ne a da, ido ya yi rauni ya bar keke ya kama tsintsiya. Duk abin da ya gani a buɗe sai ya ɗinka masa riga: injin buga takarduna, fankar ofis, har butar shayi.

A saman ginin akwai madubin hangen taurari mai juya kansa. Malama ƙarama, wadda ke neman digirinta na ƙarshe, ta taɓa yi mana bayaninsa. Wani lokaci tauraro mai nisan gaske yakan fashe, ya feso wuta ta siririyar hanya kamar bakin tiyo. Walƙiyar takan wuce nan take, sai ɗan hasken da ya biyo baya, shi ma yana dushewa. Daga yadda yake dushewa ake gane faɗin feshin. Da wata na'ura da ke can sararin samaniya ta hango walƙiyar ta aiko labari, madubin zai juya ya yi ta ɗaukar hoto. Malama ta daɗe tana jiran wanda zai faɗo ta sararinmu.

Ya faɗo a ƙarshen wani mako, ba kowa a ofis. Da muka dawo aiki ta buɗe hotunan a gabanmu, duk baƙi ƙirin. Ta hau sama da gudu, muka bi ta. Madubin ya juya daidai inda ya kamata, sanye da riga shuɗiya mai zariya a wuya.

Baba ya iso da bokiti yana murmushi. "Kin ga ɗinkin, 'yata? Har shafi na yi mata, ƙura ba za ta shiga ba."

Ta zauna a kan matakala. "Baba, yaushe ka sa?"

"Da kuka tashi." Ya dubi fuskokinmu, ya ajiye bokitin. "Sai a cire a sake ɗauka mana."

"Ya riga ya dushe, Baba. Wannan ba ya dawowa."

Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma ina jin da an yi da ya fi masa sauƙi. Aikin Malama ya koma jiran wani. Shi kuwa ya canza hanya, yana share ofishinta kafin ta zo, in ya ji takunta ya shige ɗakin ajiya. Ɗaya bayan ɗaya ya cire rigunan da ya ɗinka, har ta injina.

Wata rana ta tare shi a bakin ɗakin ajiyar.

"Baba, gaisuwar ma ka hana ni? Ina rigar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na farke ta."

"To, kwamfutata na shan ƙura."

Ya ce zai duba. Ya ɗinka, ta yi kyau, amma ni ya ba wa in kai mata.