Shirun Injin Hajiya Bilkis

"Kin ji kuwa? Ya yi shiru."

"Wa ya yi shiru?"

"Injin mana. Tun da muka tsaya nan ban ji ƙararsa ba."

"Ai kuwa ni ba na ɗaukar kifin da injinsa ya mutu. In sa a mai ya dagargaje mini, wa zan kama?"

"Mu ƙara gaba kawai."

Matan biyu masu suyar kifi ne. Suka ɗauki robobinsu, suka tare keke. Hajiya Bilkis, mai ɗakin sanyin da ke bakin titi a unguwar Arawa, tana jin su ta taga. Injin lafiyarsa ƙalau, sanyi ne ya kai inda aka saita shi, ya tsaya ya huta. Amma su masu saye a unguwar nan da kunne suke sayen kifi. In ƙasa na rawa da ƙarar inji, kifi sabo ne. In shiru, an cuce su.

Wanda ya saita hutun nan shi ne Timoti, da ake kira Injiniya. Daga Kaltungo ya zo Gombe yana saurayi, ya fara da gyaran firij na gida, yana goya su a bayan babur, har ya kai ga manyan injuna na masu kifi da masu ƙanƙara. A unguwar Madaki yake zaune, in dai za a kira shi zama. A tsaye yake cin tuwo. A coci ma aikin nuna wa mutane wurin zama ya roƙa, don kada a zaunar da shi. Matarsa Millicent kan ce kujerarsa ta falo har yau sabuwa ce fil. In yana magana da kai, makullin babur na juyawa a yatsansa, ƙafa ɗaya tuni ta nufi ƙofa. Mutumin nan shi ne yake yawo gari yana koya wa injuna haƙuri.

Ana saura kwanaki a kama azumi Hajiya ta cika ɗakin da katan-katan na kifi har kusa da rufi. Ranar wata Laraba da rana tsaka ta kira shi, ta ce injin na wari.

Bai ko kafe babur da kyau ba ya zaga baya. Ya ɗora hannu a kan kwamfiresa, wato zuciyar injin, ya janye da sauri yana yarfewa. Ya dawo wajen ɗan akwatin saiti da ke jikin bango, ya danna maɓallai, lambobi jajaye suka fito.

"Hajiya, wa ya taɓa wannan?"

"Wa zai taɓa?"

"Aljani ne ke nan. Aljanin da ya san sai an danne wannan maɓallin kafin a shiga ciki."

Ta gyara gyalenta. "To ni ce. Ran da ka zo na kalli yatsunka. Ka ɗauka kai kaɗai Allah Ya ba ido?"

Abu biyu ta yi. Ta sauke lambar sanyi zuwa can ƙasa, inda injin ba zai taɓa kaiwa ba, don haka ba zai taɓa tsayawa ba. Sannan ta share ɗan jinkirin da yake yi in an ɗauke wuta an dawo da ita.

Timoti ya fara kai-komo tsakanin bango da ƙofa. "Hajiya, iskar gas ɗin da ke ciki, in inji ya tsaya tana nan a matse. Sai ta lafa tukun. In kika tashe shi nan take, da ƙarfin tsiya yake tashi, wayar ciki ta yi ta gasuwa. Kuma wutar garin nan kin san halinta, tana ƙiftawa kamar mai ciwon ido. In ya ƙone yau, wani sai an aiko daga Kano ko Legas. Kafin ya iso, da zafin nan, kifinki ko kuliyoyi sai sun yi shawara."

"In ya yi shiru kuma fa? Su tafi wurin wani. Kifin da ba a saya ba da wanda ya ruɓe, Injiniya, ina bambancinsu a wurina?"

Ya juya makulli a yatsa, ya koma kan akwatin. Ya mayar da lambar sanyi inda take, ya ba ta ɗan tazara don kada injin ya riƙa tashi yana faɗuwa, ya maido da jinkirin, har ya ɗan ƙara. Hajiya na tsaye a kafaɗarsa, idonta a kan yatsunsa. Ya san zai iya sa wa akwatin lambar sirri. Ya kuma san wani mai gyaran za ta kira ya cire, ba ta rasa mai yi.

Yana cire hannu aka ɗauke wuta.

Aka tayar da janareta. Fitilu suka kama, fanka ta juya, kwamfiresa kuwa ko tari. Wata 'yar fitila kawai ke ƙiftawa a jikin akwatin, alamar yana jira. Daidai lokacin masu suyar yamma suka fara sauka daga keke, a gabansu Iya, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana suya a layin, wadda in ta juya kowa juyawa yake.

Iya ta karkata kai, ta kasa kunne. "Yau ma?"

"Injiniya," in ji Hajiya ƙasa-ƙasa, "tashe shi. Sau ɗaya dai."

"A'a."

"Ka ga fa suna ɗaukar robobi."

Ya duba fitilar, tana ƙiftawa. Ya je ƙofa, ya dawo. Ya share gumi da hula. Shi kansa ji yake kamar ya danna a huta. Hannun Hajiya ya fara tasowa zuwa ga maɓallan. Iya ta aza robarta a ka.

Sai ya yi abin da kullum yake hana ma'aikata yi in ba dole ba. Ya kama hannun babbar ƙofar ɗakin, ya ja ta kaɗan, daidai shigar mutum ɗaya. Farin hayaƙin sanyi ya kwararo ya bi ƙafafun matan, wata ta yi tsalle tana salati.

"Wannan ɗan zai kashe mu da mura!" in ji Iya. Amma ba ta tafi ba.

Injin bai tashi ba tukuna. Timoti ya tokare ƙofar da kafaɗa, ido ɗaya a kan fitilar, ya miƙa wa tsohuwar hannu.

"Iya, don Allah ajiye robar nan ki shigo. Ki zaɓi katan ɗin da kika ga dama, ki ƙwanƙwasa kifin da hannunki, ki fito ki faɗa musu abin da kika ji. Amma ki yi sauri, Iya, sanyin na fita."