Ɗanlahadi Mai Walda da Rigar Maganin Bindiga

Duk wanda ya taɓa kai baro ko ƙofa gyara a bakin tashar Faskari ya san Ɗanlahadi mai walda. Dogo ne, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, idanunsa kullum jajur. Aikinsa ba ya ɓallewa, amma bakinsa ba daɗi. In ya liƙa maka ƙafar kujera sai ya hau kanta ya yi tsalle kafin ya miƙo maka, in ka ce kana sauri ya ce ɗauki kayanka ka kai wa wani.

Ba haifaffen garin ba ne. A wata unguwar Maguzawa da ke bayan Damari aka haife shi, gidan maƙera. Mahaifinsa, Baba Amadu, shi ke ƙera wa ƙauyukan yankin fartanya da lauje, sai dai ba wannan ya kai sunansa nesa ba. Yana ɗinka guru da kambu, yana haɗa maganin ƙarfe, mutane na zuwa daga nesa su kwana a zaurensa. Ɗanlahadi ya tashi yana zuga masa wuta. Yana da shekara sha shida ya tafi Funtuwa koyon walda, a can ya musulunta, bai sauya suna ba, uban kuma bai ce masa don me ba.

Ƙaninsa Almu shi ya zauna gida yana noma. Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, Almu ya shiga ƴan sa-kai, Baba Amadu ya ɗinka masa riga mai layu tun daga wuya har ƙugu. Da kakar masara aka harbe shi a bakin gona. Ɗanlahadi da hannunsa ya cire rigar daga jikin gawar. Huda uku ya gani, ɗaya ta bi ta tsakiyar laya. Ya ɗauko ta da jininta, ya ratsa masu zaman makoki, ya jefa a gaban tsohon ya ce, "Ga aikinka." Ya sake ɗauke ta ya tafi da ita, daga ranar ya yi shekara huɗu bai sake yi masa magana ba. Unguwar ta watse, tsohon ya koma Sabuwa wurin ɗiyarsa Nasara.

Wasan da ya tono wannan magana, wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne ya kawo shi, Muhammad Awwal, wanda ya koyo tun yana karatu a Zariya. A lokacin ba mai bin hanya bayan la'asar, gari ya zama kamar kurkuku, sai shi da abokansa suka riƙa zama ranar Asabar a bencin bayan shagon Ɗanlahadi. Wasan labari ne. Muhammad Awwal ke riƙe labarin, kowa kuma yana da mutuminsa a rubuce a takarda, da abin da ya iya da abin da bai iya ba. In mutuminka zai yi wani abu mai wuya, sai ka jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska ashirin, ita za ta faɗa ko ya dace. Ba a sa kuɗi. Salim ɗan acaba jarumi mai takobi ya ɗauka, Abdulganiyu tela kuma maharbi.

Ɗanlahadi ya yi wata guda yana jin su daga cikin shago, yana ta aikinsa. Ranar da aka ce an ƙera takobi a yini ɗaya, ya kashe injin ya leƙo ya ce wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe masaba ba. A nan suka kama shi. Dama suna neman boka mai ƙera kayan tsafi, don duk shigar da mutanensu suka yi kogon dodanni da raunuka suke fitowa.

Muhammad Awwal ya shimfiɗa masa takarda a kan benci. "Malam Ɗanlahadi, maki goma sha biyu gare ka, ka raba su yadda kake so. Ga ƙira, ga sanin itatuwa, ga karatun tsohon rubutu, ga iya ciniki, ga gane jabu. Wannan na ƙasa shi ne ɗaura asirin kariya a jikin riga ko garkuwa. Inda ka fi zuba maki, nan bokanka zai fi ƙwarewa."

Ɗanlahadi ya karɓi biron ya daɗe yana kallon takardar. Ya rubuta biyar a ƙira, biyar a gane jabu, biyu a sanin itatuwa. Ya sa wa bokan suna Tsatsa, ya ajiye biro.

Salim ya leƙa. "Yaya, ba ka sa komai a kariya ba. Ai don ita muka kira ka."

"Na gani."

"To mi za mu yi da boka mai gane jabu? Rage uku ka mai da can."

"Ba ni ragewa."

Abdulganiyu ya yi dariya, ba da mugun nufi ba, ya ce, "Haba, kai da abin yake gadon gidanku. Ko a takarda ma ai ka ɗinka mana irin ta Baba."

Ɗanlahadi ya miƙe tsaye, bencin ya tuntsure, ƙwayar ta gangara cikin kwata. Ya tsaya a kan telan, jijiyoyin wuyansa sun tashi. "Irin ta Baba kake so? Ta Baba na ninke a ƙasan akwatina, in ɗauko maka ka sa yatsa cikin hudar?"

Muhammad Awwal ya shiga tsakani. "Yi haƙuri, wasa ne."

"Na san wasa ne. Ko cikin wasa, ba wanda zai fita gaban makami da rigar da na ce masa tana tsare shi. In kuna so da Tsatsa haka, ga shi. In ba ku so, ku ɗauke takardunku daga bayan shagona."

Abdulganiyu ya ba da haƙuri, ya tsamo ƙwayar ya wanke. Suka ci gaba da Tsatsa yadda yake. Ya zame musu alaƙaƙai. Duk zoben tsafi ko garkuwar da suka samo, sai ya tsai da tafiya ya gwada, sau da yawa kuma ƙwayar ta nuna jabu ce, Muhammad Awwal ya sosa ƙeya ya amsa cewa dama tarko ya ɗana musu. Gatarin da ya ƙera wa jarumin Salim kuwa har labarin ya ƙare bai dakushe ba.

Da damina ta faɗi aka ɗauke kawun Salim a hanyar Ruwan Godiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Salim ya shiga ƴan sa-kai. Wata Asabar ya sunkuya zai jefa ƙwaya, wuyan rigarsa ya buɗe, Ɗanlahadi ya hango ɗinkin fata a ƙirjinsa. Ya tambaye shi inda ya samo. Salim ya ce wani mutum ne ke zuwa daga wajen Ƙanƙara ranar kasuwa, kusan duk abokansa sun saya.

Ranar kasuwar Ɗanlahadi bai buɗe shago ba. Ya tarar da mutumin a gindin iccen bedi, ya baje riguna a tabarma, matasa sun kewaye shi. Ya ɗauki ɗaya ya miƙa masa.

"Saka."

"In saka in yi mi?"

"Saka ka tsaya jikin bangon can. Ga masu bindiga nan, ɗaya ya gwada mu gani."

Mutumin bai ko tashi ba. Ya ce asiri ba a gwada shi, gwaji shi ke karya shi, wanda bai yarda ba ya wuce. Ɗanlahadi ya ce to a rataya ta jikin icce. Ya ce icce ba ya da jini, maganin ba ya kama shi. Ɗanlahadi ya sa ƙafa ya watsar da tabarmar, yana faɗa da ƙarfi cewa wannan mutum likkafani yake sayar musu.

Ya ɗauka matasan za su bi bayansa. Su suka rufe shi da duka. Yaran da gobe za su shiga daji ba su son a ce musu ba abin da ke tsakaninsu da harsashi sai yadi. An fasa masa leɓe, ya wuni a zauren mai unguwa ana ba shi baki. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne maganar da ta zaga gari, wai hassada ce, Bamaguje ne yana nema wa ubansa kasuwa. Wasu suka daina kawo masa aiki.

Wannan magana ce ta ɗora shi a mota zuwa Sabuwa. Ya sami Baba Amadu a ƙofar gidan Nasara, ya rame, yana ɓarar gyaɗa da hannuwan da suka saba da masaba. Ɗanlahadi bai durƙusa ba, bai zauna ba.

"Baba, tambaya ɗaya ta kawo ni. Rigar Almu, ka taɓa gwada irinta?"

Tsohon ya ajiye ƙwaryar. "Ban taɓa ba. Ubana bai gwada ba, haka ya ba ni. Zamaninsu kibiya ce da wuƙa da bindigar toka."

"Ka san haka ka sa masa?"

"Na ce kada ya je. Na riƙe masa ƙafa. Ya ce zai je, da riga ko ba riga. To mi zan ba shi?"

"Gaskiya za ka ba shi. Da ya san ba komai a jikinsa, da ya kwanta ƙasa kamar sauran. A tsaye aka same shi, Baba, a tsaye."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ɗanlahadi ya zo da maganganu cike da ciki, na shekara huɗu, ya duba ya ga babu wanda zai zuba wa su. Fushin bai tafi ba, wurin ajiye shi ne ya rasa. Nasara ta fito da tuwo ta ce ba ya barin gidanta da yunwa. Ya ci a tsaye, ya kama motar ƙarshe.

Salim bai cire rigarsa ba. Ana gobe za su shiga daji ya zo sallama, Ɗanlahadi bai ɗago daga ƙarfen da yake yankewa ba, sai ya ce ya bar mashin ɗinsa nan. Ya wuni a kansa. Ya sauya birki, ya ƙara wa ƙashin mashin ɗin ƙarfi inda ya tsage, ya hau ya bi hanya mai ramuka da shi ya dawo, sannan ya miƙa makulli. "In ta ɓaci, wannan za ka dogara da shi bayan Allah. Kada ka tsaya."

Bayan kwana tara Salim ya dawo da harsashi a cinya, ya goyo wani abokinsa a baya, shi da kansa ya tuƙo mashin ɗin har gari. Biyu daga cikinsu ba su dawo ba, dukansu da riguna. Ɗanlahadi ya je duba shi asibiti da lemo a leda. Salim na kwance, ya kamo hannunsa ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Ƙirjina aka nufa, rigar ta kautar da shi zuwa ƙafa."

Ɗanlahadi ya dube shi, ya dubi uwar Salim da ke gefe tana gyaɗa kai tana godiya ga Allah. Ya buɗe baki, Muhammad Awwal da suka zo tare ya taɓa masa kafaɗa. Ya ajiye ledar a kan gado ya fita. Ranar duk wanda ya wuce tasha ya ji dukan ƙarfe daga shagonsa har magariba, alhali ba aikin kowa a hannunsa.