Ranar da Sadik Ya Zauna Shiru a Shagona

Shekara ashirin da biyu ina sayar da magani, amma ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata cikin damina, shekara biyar ke nan. Ku da kuke shirin karɓar sallama ku buɗe naku shagon, ina so ku ji labarinta daga bakina.

Kun san asalina. Da faranti na fara, ina tallar maganin ciwon kai a tasha, har Allah Ya ba ni wannan kemis na Nasarawo da ɗakin ajiyar da nake ba ƙananan shaguna sari. Ga wanda bai san sana'ar ba, mai kemis ba likita ba ne. Lasisinmu ya tsaya a kan ƙananan magungunan da ba su buƙatar takardar asibiti: na zazzaɓi, na ciwon kai, na tari da mura. Jami'an duba kan zo su ga lasisi, su duba ranar lalacewar kaya, su tafi. Ba su tambayar wa ke shan abin da muke sayarwa. Ni ma a lokacin ban cika tambaya ba.

Akwai wata mata a layinmu mai ɗinki a gida, muna ce mata Maman Sadik. Mijinta, Malam Buba, direba ne a wata ma'aikata. Sadik yana da shekara shida, kuma duk layin an san shi. In ya shigo shago sai ka miƙe tsaye. Ya hau kantar shago, ya buɗe firij, ya juye kwalin filasta, kana kiran sunansa kamar da bango kake magana. Ba mugunta ba ce, yana yi yana dariya, jikinsa ne kawai ba ya zama. Uwar kuwa kusan kowane mako sai ta sayi ruwan maganin mura, irin mai sa barcin nan. Na ɗauka gidan yara ne, mura ba ta ƙarewa.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ta shigo da shi da kayan makaranta a jikinsa. Ta zaunar da shi a benci, ya zauna. Ban taɓa ganin haka ba. Na ce, "Masha Allah, yau maigida Sadik ya yi hankali!"

Ta dube ni, sai hawaye.

"Alhaji, cokali ɗaya ya daina kama shi, yau na ba shi uku, ga yadda ya koma. Ka taimake ni da wanda zai zaunar da shi bai kwantar da shi ba."

Na zagayo na durƙusa gaban yaron. Idonsa rabi a rufe, leɓensa a bushe, ƙirjinsa na bugawa da sauri. Nan ta faɗa mini komai. Wata da watanni tana ba shi maganin kowace safiya kafin makaranta, ba don mura ba, don ya zauna a aji. Makarantu biyu sun riga sun kore shi. Shugabar ta ukun ta ce in ya ƙara tada aji, a zo a ɗauke shi. Ran nan kuwa, barci ya yi a kan tebur, malama ta kasa tashinsa, aka kira uwar.

Na ce, "Ba zan sayar miki ba, Maman Sadik. Ba wannan ba, ba wani ba."

Ta share ido da mayafi. "To sai in je gaba. Kemis nawa ne tsakanin nan da bakin titi?"

Gaskiya ta faɗa. Hanawa kaɗai ba za ta fisshe shi ba, sai dai ta fisshe ni. Na ɗauki waya na kira Sista Rahila, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Herwagana da ke sayen bandeji da safar hannu a wurina. Ba ta bari na gama ba. Ta ce, "Kada ku ba shi komai, kada ku sa shi amai. Ku kai shi asibiti yanzu, ku tafi da kwalbar."

Na rufe shago, na tsayar da keke napep. A sashen gaggawa na yara aka kwantar da shi, aka yi ta lura da shi har la'asar, ya farfaɗo. Likitan, matashi ne, ya juya kwalbar ya ce, "Wa ya sayar da wannan?"

"Ni ne, likita."

"Ka tambaye ta wa zai sha?"

"Ban tambaya ba."

Ya ci gaba da rubutunsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ba mu takarda zuwa wurin likitar da ke duba halayyar yara ranar Alhamis, kuma ofishinta yana cikin sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Malam Buba ya iso bayan an tashi aiki. Bai san da zancen maganin ba sai a nan. Ya nufi matarsa yana cewa, "Ke kika ɗirka wa ɗana wannan abin?" Na riƙe hannunsa na ja shi baranda.

Na ce, "Malam Buba, fara da ni. Ita gajiya ta sa ta, ni kuwa na san abin da ke cikin kwalbar, na miƙa mata ban tambaya ba."

Ya yi huci ya ce, "Kuma yanzu sashen masu taɓin hankali za a kai mini ɗa? Gobe a ce ɗan Buba ya haukace, wa zai auri 'yan'uwansa?"

"Ni ɗan kasuwa ne, ban iya kewaye-kewaye ba. Bulala ka gwada. Rubutu da hayaƙi kun gwada. An gwada nawa, ga inda ya kawo mu. Saura wanne? In kunyar shiga kake ji, ni zan wuce gaba, duk wanda ya gan mu ya ce ni aka kawo."

Ya juya ya tafi. Amma ranar Alhamis da safe ya tsaya ƙofar shagona da yaron.

Likitar ta fi awa tana tambayoyi, ta ba da wata takarda a kai wa malamar aji ta cike, ta ce a dawo bayan mako biyu. Da muka koma ta ce Sadik yana da lalurar rashin natsuwa da kasa tsayar da hankali a kan abu ɗaya, kuma yara da yawa suna da ita. Malam Buba ya ce, "Wato ba rashin tarbiyya ba ne?" Ta ce a'a, ba kuma aljanu ba ne. Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa, ya daɗe a haka.

Ta ce akwai maganinta, amma likita ne kaɗai ke rubutawa, kuma ba da shi za a fara ba. Abin da ta ba su aiki ne. A kira shi a haɗa ido, a ba shi umarni ɗaya tak, in ya gama a ba shi na biyu. Lokacin ci da barci kada ya riƙa canzawa. A bar shi ya yi gudu ya gaji kafin makaranta. A aji ya zauna gaba, kusa da malama, a riƙa aikensa goge allo ko raba littattafai. In ya yi daidai a yaba masa nan take, ko da abin ƙarami ne.

Uwar ta ji tsoron fuskantar shugabar makaranta, sai ni da Malam Buba muka kai takardar. Ta karanta ta ce, "Zango ɗaya zan ba shi, Alhaji. In ban ga canji ba, kada ku ga laifina." Zangon ya yi wuya. Sau biyu ana kiran uban. Amma ba a kore shi ba. Yanzu yana aji biyar a makarantar nan. Ba zan ce muku ya warke ba, har gobe suna zuwa asibiti, kuma akwai ranakun da uwar ke kuka. Sai dai yana karatu da idonsa a buɗe.

Na zagaya kemis ɗin da ke layinmu na ba su labari, ban faɗi suna ba. Wasu sun ji. Wani ya ce, "Alhaji, in ka hana, wani zai sayar."

Tun daga lokacin, duk wanda ya maimaita sayen magani mai sa barci sai na zaunar da shi na tambaya. Uwa uku suka ba ni amsa irin ta Maman Sadik. Babu wadda ta zo da niyyar cutar da ɗanta. Duniya ce ta cika su da "ki tsawata masa", ba wanda ya nuna musu ƙofar asibiti, sai suka zo wurinmu don mu ne ba ma tambaya. Talaka kafin ya ga likita, ku zai fara gani. In kun buɗe shago, ku dubi fuskar mai saye kafin ku dubi kantar magani, ku ce masa, "Wa zai sha, kuma me ke damunsa?" Sannan ku tsaya ku ji amsar.