Mai-Wa'adi na Limbe

A Limbe, in ka ce Fanuel Likoswe sai a tsaya ana sosa ƙeya. In kuwa ka ce Mai-Wa'adi, ko mai suyar dankali na bakin tasha zai nuna maka tsohon ofishinsa da ke saman shagon tayoyi. Sunan ya samo asali ne daga wata safiyar Litinin, ranar da asibitocin karkara na gindin dutsen Mulanje suka wayi gari kwamfuta ta ƙi karɓar majinyaci sai an faɗa mata ranar da ya mutu.

Aikin Fanuel shi ne zana tsarin bayanai na XML, wato ƙa'idar da kwamfutocin asibiti ke bi in za su miƙa wa juna labarin mara lafiya. A manhajar da yake aiki da ita komai akwati ne, wani na rataye da wani kamar bishiyar dangi: suna, ƙauye, magani, ranar haihuwa. Ka taɓa akwati, sai gefen allo ya buɗe maka halayensa. Rubutu ne, lamba ce, ko kwanan wata? Sau nawa zai iya zuwa? Sai babbar tambaya, mafi ƙarancin zuwansa. In ka sa sifili, cika shi ganin dama ne, akwatin ya fito da layi ɗigo-ɗigo. In ka sa ɗaya ya zama dole, layinsa ya haɗe.

Ran Juma'a Fanuel ya kwafi akwatin ranar haihuwa don ya yi na ranar rasuwa. Ya sauya suna, saura ya mai da ɗaya sifili, sai mai mandasi, wato fanken ƙasar, ta leƙo da kwandonta yana tururi. Bawan Allah nan ba ya shan giya, ba ya caca, amma ba ya iya jin ƙanshin mandasi mai zafi ya zauna. Da ya dawo yana goge maiƙo a jikin wando, ya adana aikin, aka tura wa asibitoci.

Kada a ɗauka mutumin banza ne. A gonar shayi ta Thyolo aka haife shi, uwarsa na tsinkar ganye, ubansa na gadi. Yana shekarar ƙarshe a sakandare aka tura uwar daga asibitin ƙauye zuwa na birni. Ta isa babu wanda ya san abin da aka riga aka ba ta, aka soma bincike daga farko, ita kuwa ba ta da sauran kwanan jira. Tun daga nan ya ƙudurta cewa labarin majinyaci zai riƙa riga shi isa asibiti. Likita ya so zama, jini ya hana, don ko kaza ake yankawa sai ya nemi wurin zama. Sai ya koma kwamfuta, ya zama irin ma'aikacin da ke kwashe wuni guda yana shawarar tsawon gurbin suna, don kada a datse wa wani sunan kakansa.

A waccan Litinin ɗin layi ya kai bakin hanya, akawu na dannawa, kwamfuta na ƙi. Wani akawu mai dabara ya rubuta wata rana can gaba, ta karɓa. Kafin azahar dabarar ta zaga asibitocin kaf. Wani mai sakin hannu ya riƙa ba kowa shekara ɗari. Wani kuwa, da ya tashi da ciwon haƙori, bai wuce shekara biyu-uku ba. Da labari ya kai ƙauyuka, tsofaffi suka fara zuwa da nonon ayaba a ka, suna roƙon a ɗan ƙara musu.

Fanuel kuwa ya gano kuskuren tun a safiyar Litinin ɗin, kafin shayinsa ya huce. Ya taɓa akwatin, ya goge ɗaya, ya sa sifili, layi ya koma ɗigo-ɗigo. Ya juya wajen Gresham Mulipa, abokin aikinsa mai haɗa manhajojin da ke karanta tsarin, mutum mai tumbi da dariya kamar injin niƙa.

"Achimwene, ɗan'uwana, na gyara. Tura musu."

"In tura da izinin wa? Sabon bugu sai kwamitin masu ba da tallafi ya sa hannu."

"To na Juma'a wa ya sa masa hannu?"

"Su. Shi ya sa ya zama daidai. Naka na yau ne kuskure, sai sun zauna."

Kwamitin kuwa ba ya zama sai a bakin tafki a Mangochi, kuma sai an samu kuɗin zama. Damina ta wuce, wata ta zo. Da aka zauna, Fanuel ya sa kwat ɗin ɗaurin aurensa, ya hau mota da gyaransa a jaka. A can ne ya ji abin da ya kashe masa jiki. Babban asibiti ya riga ya gina tasa manhajar a kan cewa gurbin nan kullum a cike yake, in ta tarar da shi wayam sai ta tsaya cik. Direbobin motar asibiti ma sun saba leƙa shi, don akawuna sun mai da wata shekara alamar gaggawa. Shugabar taron ta dube shi ta saman tabarau, ta kira shi da Bambo, wato Malam.

"Bambo Likoswe, kana so ka rushe abin da ke aiki?"

"Mayi, ranki ya daɗe, ba aiki yake yi ba, lallaɓawa ake yi."

"Duk ƙasar nan lallaɓawa ake yi. A kafa ƙaramin kwamiti."

Aka tashi cin kifin chambo. Ya ci, ba don ya ji daɗinsa ba.

Da abin dariya ne kawai, da ya haƙura da sunan da aka laƙaba masa. Amma kwanakin akawu mai ciwon haƙori suka fara cika. Duk wanda ranarsa ta zo, kwamfuta sai ta rufe shafinsa, ta cire sunansa daga masu karɓar maganin wata-wata. Wata tsohuwa mai hawan jini ta tako daga bayan dutse, aka ce mata ai ta rasu tun makon jiya. Ta ce ba ta samu labari ba. Ta koma gida hannu rabbana, kafin a warware zancen ƙafafunta sun kumbura.

Daga ranar Fanuel ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Kowace safiya, in akwai wuta kuma layin sadarwa ya yarda, sai ya shiga kwamfutocin asibitocin ɗaya bayan ɗaya, ya nemo waɗanda wa'adinsu ya ƙarato, ya tura shi gaba. Yana ɗagawa, akawuna na zuba sababbi, don an sauya ma'aikata, sababbin kuma sun ɗauka haka ƙa'idar take. Wani asibitin sai ya yi wata ba a same shi a layi ba. Ɗiban ruwa da kwando ke nan, ya kuma sani.

A gida matarsa Esnart takan ajiye masa nsima, tuwon masararsu, da ƙananan kifi, ta zauna tana kallonsa yana juya loma.

"Baban Tadala, ka ci abinci. Mutanen nan ba kai ka haife su ba."

"Ni na kashe su a kwamfuta."

"To ni shekara nawa ka ba ni? In kaɗan ne in daina biyan kuɗin ƙungiyar coci."

Yakan yi murmushi don kada ta ji kunya. Furfura ta cika masa kai, tabarau ya ƙara kauri. Yara masu tasowa a sana'ar suka riƙa ce masa ai XML kayan tsofaffi ne, duniya ta wuce nan. Bai musa ba. Shi dai sifilinsa yake so a tura.

Sai takarda ta zo cewa tallafi ya ƙare, za a rufe aikin a ƙarshen shekara. Kwamfutocin za su ci gaba da zama a asibitoci yadda suke, har ranar da aka samu wani mai tallafin. Makullin shigar ma'aikata kuwa za a soke. Fanuel ya rubuta, ya buga waya, ya je Lilongwe a motar haya ya wuni a kan benci. A taron ƙarshe an sa batunsa a can ƙasan jerin batutuwa, bayan jawabin godiya da rabon riguna. Ana isowa kansa mai otal ya leƙo ya ce abinci na hucewa. Shugaba ta ce a bar wa waɗanda za su gaji aikin. Ba wanda ya tambayi su waye.

A makon ƙarshe bai ko ɗaga kai ya dubi mai mandasi ba. Ya ɗaga wa duk wanda hannunsa ya kai, iyakar nisan da kwamfuta za ta karɓa. Asibitoci biyu na bayan dutse ba su hau layi ba har aka soke makullin. Ya buɗe manhajar, ya dubi akwatin nan mai layi ɗigo-ɗigo da babu inda yake a duniya sai a allonsa, ya rufe.

Yanzu yana gyaran na'urar buga takardu a wani lungu kusa da kasuwa. Ran Asabar yakan zauna wajen mai suyar dankali, Gresham ya zo ya same shi, shi ma ba aikin kirki gare shi ba. Kwanan baya Gresham ya iso yana tari yana dafe da ƙirji, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Mai-Wa'adi! Jibi zan je asibiti. Don zumunci, duba mini, saura nawa?"

Masu cin dankali suka kwashe da dariya. Fanuel ya barbaɗa gishiri a nasa, ya amsa.

"Achimwene, ni ban taɓa ba kowa ko kwana ɗaya ba. Ɗagawa kawai nake yi, ita ma an karɓe. Kai dai in ka je, ka gai da akawu da hannu biyu, ka tambaye shi ya ya kwana."