Wadda Ta Fara Ba Bushiya Ajiya

A gidanmu na Bande, idan an gama kai amfanin gona rumbu, ɗari ya fara shigowa, tsakar gida ta Iya Kande ce daga an idar da sallar isha'i. Ita ta haifi babanmu. Takan sa a hura wutar karan dawa a bakin ɗakinta, a juye mana gyaɗa a tabarma, domin ita ba ta ba da tatsuniya kyauta. "Hannu na ɓara, kunne na ji," haka take cewa. Wanda hannunsa ya tsaya, bakinta ma sai ya tsaya, mu kuwa mu yi wa mai laifin caa. Mun kai mu goma, har da ƴaƴan maƙwabta. Ni nakan lallaɓa in zauna daf da gwiwarta, inda zanenta ke ƙamshin man shanu da hayaƙi.

Takan gyara murya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe mata ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba mu so, don ba a cinye kowa a cikinta. Ta bushiya ce. Wai bushiya ta yi shekara bakwai a gidan tururuwa tana koyon adana hatsi, har ta kai in ta sunsuna dami ta san ko zai kai damina. Da ta dawo, sai ta ji sarkin dawa ya gina babban rumbu yana neman mai riƙe masa. Ta wanke ƙayarta ta tafi fada. Masu tsaron ƙofa suka ce, "Wa ya taɓa ba ki ajiya?" Ta ce babu. Suka ce ta je, sai wani ya ba ta tukuna. Ta bi gida gida tana roƙon a ba ta ajiya, kowa ya ce, "Sarki ya taɓa ba ki?" Haka ta yi ta kai da kawowa har ƙafafunta suka gajarce.

Ran nan tana zaune a bakin rijiya, sai ga wata tsohuwa za ta gaisuwar mutuwa wani gari. Tsohuwar ta dube ta, ta sauke ƙwaryar gyaɗa, irin shukarta na baɗi, ta ce, "Riƙe mini, kwana uku zan yi." Tsohuwa ta yi wata uku. Bushiya ta hau faifan ƙwaryar ta dunƙule. Yunwa ta zo, dila ya zo da daɗin baki, kura ta zo da kurari. A nan Iya ke siranta murya ta rera:

"Ba tawa ba ce, ba tawa ba,
Ta mai nisan tafiya ce."

Tsohuwa ta dawo ta tarar ko ƙwaya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ta ba da labari a rijiya, wannan ta kawo wake, waccan ta kawo gero, har zance ya isa fada, sarki ya aiko da kansa. Shi ya sa har gobe bushiya ke dunƙulewa in an taɓa ta. "Nan ta tsaya," in ji Iya, "wanda ya ga ƙarya ya ɗebe, ya bar mini gaskiyar."

Wata rana na tambaye ta, "Iya, da bushiya ta cinye gyaɗar fa?"

Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Da tsohuwa ba ta yi shuka ba. Ai ta san da haka, ta ba ta."

Iya ta rasu ina lakwal, makarantar boko, a Damagaram. Ban samu ganinta ba, sai sadakar uku. Daga baya na yi shekara ashirin da wani abu ina aiki a kes, ƙaramin bankin ajiya da lamuni, a Magariya, har na ajiye aiki. Gidanmu na Bande an raba shi, ɗakinta ya zube.

Bara waccan Nafisa ta zo mini. Ɗiyar ƙanena Sani ce, an haife ta Iya ta daɗe a ƙasa. Ta gama lisansi, wato digiri, na lissafin kuɗi, ta kai dosiye, takardun neman aiki, bankuna a Damagaram da Yamai, ta zauna shekara biyu tana jiran waya. Ta ajiye jakar takardunta a gabana, gefenta duk ya lanƙwashe don yawo.

"Gwaggo, duk inda na je sai a ce a ina na taɓa aiki. To a ina zan taɓa, in ba wanda ya ɗauke ni? Baba ya ce in tafi Kano in taya ƴar'uwarku zaman shagon atamfa. Na ce to."

"Kina so?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, hawaye na ɗiga a kan jakar.

Ba ni da kowa a banki. Waɗanda na sani a kes sun tsufa ko an yi musu canji. Amma na san matan Bande masu matsar man gyaɗa, waɗanda suka haɗa ƙungiya suna son lamuni su sayi injin niƙa, takardunsu na ta dawowa don ba a tsara su daidai ba. Shugabarsu Hajiya Uwani ce, wadda muka yi ɓarar gyaɗa tare a tabarmar Iya. Na ɗauki Nafisa muka hau mota zuwa Bande, in roƙa su ba ta tsara takardun nan.

Hajiya Uwani ta saurare ni har ƙarshe, ta girgiza kai. "Ƴar'uwa, mun taɓa ba wani mai boko. Ya karɓi takardunmu ya tafi, har yau ba mu ga ƙeyarsa ba. Matan nan ba za su yarda ba."

Sunana shi ne kaɗai abin da na fito da shi daga aiki, kuma ban san yarinyar nan a wajen aiki ba, a gida na san ta. Na ce, "Ki faɗa musu ɗiyata ce. In ta ɓata, ni na ɓata, kun san ƙofata."

Ta daɗe tana kallon Nafisa, sannan ta shiga ɗaka ta fito da wata leda cike da takardu masu tabon mai, ta ɗora mata a cinya.

Wata takwas Nafisa na zama wurina, tana zuwa Bande sau biyu a mako a kan kabu-kabu, ba albashi. Ba kullum take dawowa da fara'a ba. Ran nan ta jefar da takalmi ta ce, "Gwaggo, da lisansina nake zama cikin tunkuza, tsofaffi na ce mini ban iya gaisuwa ba!" Na ce ta koyi gaisuwar. Na so in ba ta labarin bushiya a ranar, na ma fara, amma da na zo wurin waƙar sai muryata ta ƙi. Ba haka Iya ke ɗaga ta ba. Na ce mata ta je ta ci abinci.

Da dosiyen matan ya isa kes, mai kula da lamuni ya juya shi gaba da baya, ya tambayi wanda ya tsara. Hajiya Uwani ta ce, "Ɗiyarmu." Aka kira Nafisa sitaj na wata uku, aikin koyo ba biya. Bayan ya ƙare suka ce akwai gurbi a reshensu na Mallawa, nesa, hanya ba kyau, albashi kaɗan. Ta karɓa tun kafin su rufe baki.

Shekara arba'in ina ɗauka Iya haƙuri take koya mana, mu zama bushiya. Sai yanzu da furfura ta cika mini kai na gane rabin tatsuniyar na tsofaffi ne. Yaro zai iya koyon komai a lakwal, amma ba zai iya ba kansa amanar farko ba. Sai wani da ke da abin asara ya sauke nasa ya miƙa. Ina jin Iya ta san wata rana mu ne za mu tsufa. Da ma a ce tana nan, in zauna daf da ita in faɗa mata na gane, ko da ta ce na makara.

Ranar tafiyar Nafisa na raka ta tasha. Ta shiga mota ta leƙo ta taga tana cewa, "Gwaggo, ki riƙa shan maganinki, zan kira ki ran Juma'a." Na tsaya har motar ta sha kwana. Na koma gida na tuƙa tuwo, sai da na kwashe na ga na mutum biyu na yi.