Littafin da Inna Take Buɗewa ta Dama

Shekarun baya, tun ban shiga makarantar boko ba, akwai wani littafin hotuna a gidanmu na Garo da duk yaran unguwa suka san shi. Abin da ya tuna min da shi muhawarar da na ga kuna ta yi ce a nan kan littattafan yara. Wasu sun ce na jarumai masu tashi sama ba abin da suke koya wa yaro sai dirowa daga katanga, wasu sun ce a koma wa labaran da ake yi wa yara kafin barci. Ni dai ina karantawa ina dariya, don na taɓa zama da mai sharhin littafi da ta fi ku duka zafi, kuma ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba. Kakata ce, mahaifiyar babana. Muna ce mata Inna, ita kuma tana ce min Maigida, irin wasan kaka da jika.

Baffana ne ya aiko da littafin, autan Inna, wanda ya tafi Ikko neman aiki tun ina goye. Wani direban babbar mota ɗan Kabo ya kawo saƙon: turmin atamfa da sabulu na Inna, sai littafi, wai a ba yaro. Bangonsa bai yi tsawon rai ba. Ƙanwata ta yage shi, akuyarmu ta ƙarasa aikin. Bayan wannan saƙon ba mu ƙara jin ɗuriyar Baffa ba, sai dai wani ya ce ya hango shi a tasha, wani ya ce ai ya bar Ikko gaba ɗaya.

Rubutun cikin littafin Turanci ne, kuma babu mai jin Turanci a gidan. Sai Inna ta ce a kawo mata, ai tana da ido. Ita ta yi karatun allo har ta yi nisa, don haka a wajenta littafi ta hannun dama ake buɗe shi, a tafi hagu. Haka ta buɗe wannan, haka kuma muka taso muka ga ana buɗe shi. Tatsuniya ba ta yarda a yi da rana, amma ta ce wannan rubutacce ne, dokar ba ta hau kansa ba. Da an yi sallar la'asar za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta jawo ƙwaryar gyaɗa, mu riƙa ɓare mata ita kuma tana yi mana karatu.

A karatun Inna, labarin yana farawa ne da wani ƙaton mutum cikin koren kaya, tsaye a kan dogon bene shi kaɗai, iska na kaɗa mayafinsa. Ta ce kayan sun matse shi, alamar ba shi da mai gaya masa gaskiya a garin. Mayafin kuwa zanen uwarsa ne ya ɗauko don kewa. Daga nan ya yi ta dambe da wani dodon ƙarfe, wanda Inna ta ce injin niƙa ne ya haukace. Ya tashi sama, ya faɗo, ya ɗaga mota, ya sha duka. Da ya gaji, sai ya je bakin wani kogi ya kwance ɗamarar da ke ba shi ƙarfi ya jefa a ruwa. Nan take ya koma siririn saurayi, wai ƙibar birni ce ta sauka. Ya kama hanya da 'yar jakarsa, ya iso ƙauye, uwarsa ta rungume shi a ƙofar gida tana kuka. Hoton ƙarshe yana zaune a gabanta yana cin abinci. Inna ba ta rufewa da ƙurunƙus, sai dai ta ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo."

Mu yara wajen damben muke so. Da an wuce shi sai mu fara mutsu-mutsu, mu ce a koma baya a sake. Ita kuwa ta ce damben shirme ne, marubucin ya cika shi don ya san yara ba su da hankali. Inda take daɗewa shi ne hoton ƙofar gida. Za ta ɗora babban yatsanta a kai tana shafawa, har wajen ya yi baƙi da man gyaɗa. Ni a lokacin ban san abin da take kallo ba, haushin ɓata mana lokaci kawai nake ji.

Za ku ce ai da na shiga boko na gane. Wallahi ban gane ba. Littattafan makaranta ina buɗe su ta hagu kamar kowa, amma wannan na Inna ne, ba shi da bango, kuma na haddace shi tun kafin in san lamba. Har na kai aji huɗu ban taɓa kawo komai a raina ba, ga shi ana ce min mai ƙwaƙwalwa.

A wani hutu, wani abokina ya zo wajen kakanninsa, maƙwabtanmu. Babansa malamin makaranta ne a Gwarzo, shi kuma yana da ɗan Turanci da rawar kai mai yawa. Na ɗauko littafin don in burge shi. Ina buɗewa ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya ce daga ƙarshe nake farawa. Na yi masa gardama iya ƙarfina. Sai ya nuna min ƙananan lambobi a ƙasan kowane shafi. Hoton cin abincin shi ne na ɗaya. Rungumar ƙofar gida ban kwana ce. Ɗamarar tsinto ta ya yi a kogin, ba jefarwa ba. Wato yaron barin gida ya yi, kuma littafin ya ƙare yana kan bene shi kaɗai.

A lokacin na yi wayon da na san wa Inna take gani a hoton nan. Na san duk asuba sunan Baffa ne ƙarshen addu'arta, na san duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta aiki yaro ya duba. Na roƙi abokina kada ya gaya mata. Ya ce ai taimako ne, an daɗe ana karatu ba daidai ba. Kafin in riƙe rigarsa ya isa gindin darbejiya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce zai karanta mata yadda aka rubuta. Inna ta ce bismilla, malam ƙarami.

Ya karanta yana fassarawa, inda Turancin ya fi ƙarfinsa ya cike da nasa. Tun a shafin ƙofar gida na ga hannun Inna ya daina ɓarar gyaɗa. Da ya rufe littafin sai ta ce, "To, bayan ya hau benen fa?"

"Shi ke nan, Inna, ya ƙare."

"Bai dawo ba?"

"Bai dawo ba."

Ta ture ƙwaryar gefe. Sannan ta ce wanda ya rubuta wannan takarda ce ta ƙare masa, in ba haka ba wane marar imani ne zai bar ɗan mutane a kan bene. Ta yi wa abokina godiya, ta cika masa aljihu da gyaɗa, ta karɓi littafin ta shiga ɗaki.

Daga ranar karatun la'asar ya mutu. In yara sun tambaya sai ta ce idonta ba ya gani sosai. Littafin yana cikin adakarta, ƙarƙashin atamfar da ta ƙi ɗinkawa. Na yi fushi da abokina har hutun ya ƙare ban yi masa magana ba, ko da yake yanzu na san ba mugunta ya yi ba, shi ma yaro ne da ya ga lamba ya yarda da ita. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne ta daina aiken yara su duba mota.

An daɗe a haka, har na shiga sakandare. Wata damina, da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan ina gyara magudanar ƙofar gida, sai ga ɗan acaɓa daga hanyar Kabo ya sauke wani siririn mutum da jaka ɗaya a hannu. Ban san shi ba. Ya dube ni, ya dubi gidan, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Inna tana can ciki, idonta ya yi rauni da gaske a lokacin, amma sallamar nan kaɗai ta ji. Ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba, ko takalmi babu. A bakin ƙofa ta riƙe shi tana kuka tana shafa fuskarsa, tana cewa ya rame. Ni kuwa na tsaya da fartanya a hannu kamar an dasa ni, don na san hoton nan tun ina ƙarami.

Ta ɗago kai ta kafaɗarsa, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Maigida, ina abokin nan naka mai lambobi? Je ka ce masa ya zo ya karanta."

Baffa bai dawo da dukiya ba, ciwo da wahala ne suka koro shi, kuma babu wanda ya tambaye shi. Da la'asar Inna ta sa aka fito da littafin, ta tara ƙananan jikoki, ta buɗe ta dama. Ba ta ganin hotunan sosai, da ka take yi. Baffa yana gefe yana cin abinci. Na ga ya leƙa, ya buɗe baki zai yi magana, don shi ya san inda farkon yake. Sai ya dubi uwarsa, ya mayar da kai kan kwanonsa.

Inna ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Baffa yana nan Garo yana noma, ya yi iyali. Littafin gara ta cinye shi a adaka. Abokina yanzu shi ma malami ne a Gwarzo, kuma duk haɗuwarmu sai ya ce a rubuce dai mutumin bai dawo ba, ni kuma in ce masa takarda ce ta ƙare.

Don haka in kun tambaye ni wane littafi ya fi dacewa da yara, ba ni da amsa mai ƙarfi. Ban tuna sunan jarumin nan ba, ban ma taɓa saninsa ba. Ƙamshin gyaɗa nake tunawa, da muryar Inna, da baƙin tabon yatsanta, kuma ina kewarta ƙwarai. Kwanan baya na sayo wa 'yata littafin hotuna. Ta dawo daga Islamiyya ko hijabi ba ta cire ba, ta zauna a cinyata ta buɗe shi ta dama. Har na miƙa hannu zan juya mata, sai na fasa. Na ce ta karanta min, ina ji.