Ƙodar da Ilu Ba Zai Saya Ba

Duk wanda ya taɓa cin tsire a Zoza ya san Ilu mahauci. Siriri ne kamar sillen kara, har ana cewa in iska ta taso, matarsa Saude dutse take saka masa a aljihu. Shekara talatin yana kayar da shanu, amma ya hangi allura sai ya ranta a na kare. A kan ƙoda kuwa ba a ja da shi. Zai ɗaga ta, ya jujjuya, ya latsa da babban yatsa, ya faɗa maka irin ciyawar da saniyar ta ci. Wadda ya gani da ƙurajen ruwa, komai girmanta, bayan katanga take kwana.

Da ciwon kai ya matsa masa, mai kemis ya gwada shi ya ce hawan jini ne, maza ya tafi asibiti. Ilu ya tafi, amma rugar amininsa Hamma, Bafulatanin da ke kawo masa shanu, don shi ma ciwon ne da shi. Duk wata Hamma ya karɓo ƙwayoyinsa, su raba.

Kai ya lafa. Sai ƙafafu suka tashi, suntum.

"Saude, zo ki gani! Ƙiba ta iso!"

"Malam, ƙiba daga ƙafa take farawa?"

"Ita dawa daga sama take fito miki?"

Ya sa wuƙa ya tsarge takalmansa don su shiga, ya mayar da ƙwayar biyu-biyu, wai gonar da ta karɓi taki ba a yi mata rowa. Ciki ma ya soma ɗagawa, yana shafawa a gaban tukuba kamar Alhajin birni. Ciwon kwiɓi ne kawai bai faɗa wa kowa ba, sai dai Saude tana ganin yadda yake dafe wurin in zai ruku'u.

Ita ta haɗa baki da Hamma. Ya zo da babur ya ce akwai wani sa mai tozo a Karaye. Ilu ya haye har da igiya. Ba su tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibiti, ga Saude zaune ta riga su.

"Kai Bafillace, ina san?"

"Ga shi nan na goyo. Sauka, maƙiyin shanu."

Likitar yarinya ce, Na'ima. Ta rantse masa na'urar hoton ciki ba ta da tsini, sannan ya kwanta.

"Baba, ƙodojinka sun girma da yawa."

"Alhamdulillahi! Hamma, ka ji? Duk garkenka akwai mai irinsu?"

Ta juyo masa da allon. Ilu ya matso da fuska yadda yake yi a mahauta. Ramuka baƙaƙe, manya da ƙanana, cike da ruwa. Dariyar ta ɗauke.

"'Yata, wannan ta waye?"

"Taka ce, Baba."

"Wannan ko kare ba na ba wa." Ya shafa cikinsa. "Haka cikin mahaifina ya ɗaga kafin ya rasu."

Ta ce gado ne: ƙananan ƙwayoyin halittar ƙodar ne ke hayayyafa suna tara ruwa. Maganin Hamma ya dace da Hamma, kuma shi ya kumbura masa ƙafa. Ga mai ƙoda irin tasa kuwa, masu bincike ba su gama tantance ko yana ƙara wa ƙurajen girma ba, don haka za ta ba shi wani. Ya rage gishiri, ya riƙa zuwa gwaji. In ya ƙi, ƙodar ta tsaya, sai wankin ƙoda a Kano, allura duk mako.

"Duk mako?"

"Har sau biyu, ko uku."

Nan take ya miƙa hannu aka ɗebi jini, ido a rufe yana salati, Hamma ya danne masa ƙafafu yadda ake yi wa sa.

Daga ranar tsirensa ya zama kashi biyu: na jama'a mai yaji da gishiri, da nasa lami, wanda ko kyanwar maƙwabta shinshinawa take ta wuce. Ƙiba ta koma inda ta fito. Takalman da ya tsarge sun yi masa yawa, tun daga masallaci kana jin tafiyarsa, fal-fal.

Bayan wata shida ya koma asibitin, da ƙafarsa, ba babur ba yaudara. Ya ƙura wa allon ido ya fi likitar daɗewa.

"Ba ta ƙaru ba," ya ce.

"Ba ta ƙaru ba, Baba."

Ya gyara hula. "To. Ba ta sayuwa dai, amma ba zan wurgar ba."